Jinyar Gida da Ƙarin Ruwa a Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Kalmar jinya tana daga cikin kalmomin Hausa masu baki biyu. In aka ce wane yana jinya, ana nufin shi ne ke kwance ba lafiya. In kuwa aka ce wance tana jinyar mijinta, to, ita lafiyarta ƙalau, ɗawainiyar mai ciwon ce a kanta. Wannan ba zai ba wanda ya san Bahaushe mamaki ba, domin a wurinsa ciwo ba ya kama mutum ɗaya, gida yake kamawa. Tun kafin zuwan asibiti, ɗakin uwa ko na uwargida shi ne ɗakin jinya. A nan ake dama kunu, a jiƙa saiwa, a kira wanzami ko maɗori ko unguwarzoma, maƙwabta kuma su yi ta shigowa dubiya.

Har gobe wannan al'ada tana nan, sai dai ta yi baƙo. A garin Haɗeja da ƙauyukan da ke bakin koginta, ba sabon abu ba ne a shiga ɗakin mai ciwo a tarar da ledar ruwa rataye a jikin ƙusa, siririn bututu ya sauko daga gare ta zuwa bayan hannunsa. An kira malamin asibiti ko mai kemis, an biya shi, ya ɗaura ruwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana mene ne wannan ruwa, da aikin da yake yi a jiki, da kuma dalilin da ya sa ɗaura shi a gida ya fi zama abin dubawa a ƙasar Haɗeja bisa ga wurare da yawa. Dalilin kuwa shi ne, a wannan kwari akwai cututtuka biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa: ɗaya tana kisa in ba a ƙara ruwa da gaggawa ba, ɗayar kuwa ƙarin ruwan ne ke gaggauta ajalin mai ita.

Ƙasar da ruwa ke ciyarwa

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas, watau Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Kogin Haɗeja, wanda ya samo ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, in ya iso nan sai ya bazu cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rabu rassa-rassa, ya yi fadamun da suka miƙe har Nguru. Daga wannan ruwa ake samun shinkafa da alkama da kifin da aka san Haɗeja da su. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake, kachalla ta toshe hanyoyinsa da dama, sai ya zamana wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya ƙi janyewa. A shekarun 2012, 2018, 2020 da 2022 an yi ambaliyar da ta cinye gonaki, ta rushe gidaje, ta yanke hanyoyin ƙauyuka, har ya zama sai da kwalekwale ake kai mai naƙuda ko mai ciwo bakin titi.

Ambaliya ba gonaki kaɗai take ci ba. Takan cika masai ta kwaso abin da ke ciki, ta zuba a rijiyoyi da kududdufan da ake ɗiba. Mutanen da gidajensu suka faɗi sukan taru a makarantun firamare, ɗaruruwa a kan rijiya ɗaya. A irin wannan hali ne amai da gudawa ke samun ƙofa. In kuma damina ta wuce aka shiga bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, manomin rani da masunci suna cikinsa tun hantsi har la'asar. Saboda haka maganar ƙarewar ruwan jiki ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaɗeje.

Abin da ke cikin leda

Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne. Ba kuwa ruwan randa ba ne, ruwa ne mai gishiri iri-iri a narke, bisa wani awo da jiki ke tsarewa ƙwarai. Ƙoda ce ke riƙe da wannan ma'auni: in ruwa ya yi yawa ta fitar da shi ta fitsari, in ya yi kaɗan ta tsuke. Abin da mutum ya sha ta baki sai ya bi ta hanji, jiki ya ɗebi abin da yake so a hankali. Wanda aka ɗura ta jijiya kuwa ya tsallake wannan shinge, ya faɗa cikin jini kai tsaye. Amfanin ƙarin ruwa ke nan, haɗarinsa kuma ke nan.

Ga idon mai dubiya duk leda leda ce, alhali kuwa sun bambanta. Akwai ruwan gishiri, mai giram 9 na gishiri a kowace lita. Akwai ruwan sukari, wanda aka fi sani mai giram 50 na gulukos a lita. Akwai kuma ruwan Ringa, wanda ya fi kama da ruwan da ke cikin jinin mutum, domin ban da gishirin miya an sa masa fotashiyam da kalsiyam da wani sinadari da ke rage tsamin jini. Sunan ya samo asali daga Sydney Ringer, likitan Landan da ya haɗa shi a farkon shekarun 1880 yana gwaji da zuciyar kwaɗi, sa'an nan wani likitan yara na Amurka, Alexis Hartmann, ya gyara haɗin a 1932.

A nan ya kamata a tsaya a kan wata fahimta da ta yaɗu, cewa ƙarin ruwa abinci ne mai sa ƙarfi. Ledar ruwan sukari mai rabin lita giram 25 na sukari ke cikinta, watau kimanin ƙananan cokula shida. Kofin kunun gyaɗa guda ya fi ta amfani ga jikin da ke iya haɗiya, ga shi kuma ba ya bukatar allura. Ruwan nan mai launin ɗorawa da wasu ke nema da suna, suna cewa shi ne mai kyau, bitamin ne aka tsiyaya a ciki ya rina shi, irin bitamin ɗin da ake samu a ƙwaya da kuɗi kaɗan. Ba talaka kaɗai ke da wannan ruɗu ba. A biranen Amurka da Ingila da Dubai, har da Legas da Abuja, akwai kamfanonin da ke zuwa gidan mai kuɗi lafiyayye su ɗaura masa ruwan bitamin don wai ya wartsake, kuma binciken likitoci bai nuna yana ƙara wa mai lafiya kome ba.

Inda ruwa ke ceton rai

Ciwon kwalara ne ya haifi ƙarin ruwa. A 1831, sa'ad da annobar ta shiga Ingila, wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu ciwon ya tarar ruwa da gishiri ne suka tsere daga cikinsa. A 1832 Thomas Latta, likita a garin Leith na ƙasar Sikotilan, ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar wata tsohuwa da aka riga aka fid da rai da ita. Ta farfaɗo, ta yi magana, amma bayan ya tafi gudawar ta dawo, ba a sake ƙara mata ba, ta rasu cikin 'yan sa'o'i. Darasin da ke cikin wannan gwaji na farko har yau bai tsufa ba: ɗaura ruwa rabin aiki ne, zama a kan mai ciwo ana lura shi ne sauran rabin.

Annobar kwalara da duniya ke ciki yanzu ta taso daga Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya a ƙarshen wannan shekara. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, an lissafta masu ciwon sama da 59,000 a ƙasar, fiye da 7,600 suka rasu. A 2021 adadin waɗanda ake zaton sun kamu ya wuce 111,000, mutum kimanin 3,600 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohi huɗu da abin ya fi yi wa ɓarna, tare da Bauchi da Kano da Zamfara.

Ƙwayar cutar takan zauna a hanji ta saki dafin da ke sa hanjin ya riƙa zubo da ruwa maimakon tsotsewa. Bayan gidan yakan fito fari tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, kamannin da ba sai an yi wa mutumin Auyo bayaninsa ba. Baligi yana iya zubar da lita guda a sa'a guda. Kafin a jima idanu sun zurma, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse, in an tsunkule fatar ciki ba ta komawa da wuri, fitsari ya ɗauke, bugun jini ya yi rauni har a kasa jinsa. Ga jariri kuwa maɗiga takan faɗa, abin da iyaye mata kan ɗauka ciwo ne na dabam su shafa masa magani a ka, alhali ƙishirwar jiki ce. Wanda ya kai wannan matsayi, in ba a yi masa kome ba, tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari mutuwa suke yi. In an mayar da ruwan yadda ya kamata, ba ya kai ɗaya cikin ɗari.

To, amma yadda ya kamata ɗin nan shi ne wurin da jinyar gida ke gazawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ruwansa ya ƙare ƙwarai ita ce mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa, cikin sa'o'i uku ga wanda ya wuce shekara ɗaya, cikin sa'o'i shida ga jariri. A lissafa: magidanci mai kilo 60 yana bukatar lita 6, watau leda 12 masu rabin lita, kuma wajen leda huɗu daga ciki a rabin sa'a na farko. Ruwan Ringa ake so, in babu sai ruwan gishiri. Ruwan sukari zalla ba ya biyan bukata, don ba shi da gishirin da jikin ya rasa. Yanzu a kwatanta da abin da aka saba gani a gida: an sayo leda biyu gwargwadon kuɗin da ke hannu, wataƙila ma na sukari, an bar su suna ɗiga ɗis-ɗis har asuba. Iyali sun ga ruwa rataye, hankalinsu ya kwanta, sun fasa neman mota. Wannan kwanciyar hankali ita ce mafi muni cikin abin da ledar ta jawo. Bugu da ƙari, mai kwalara da ke kwance a gida, amansa da bayan gidansa suna taɓa tabarma da buta da hannun mai jinya, ciwon ya zagaye gidan. A sansanin da hukuma kan buɗe lokacin annoba akwai gado mai rami da bokiti a ƙasa don a auna abin da ya fita, akwai ruwan kulorin na wanke hannu da kaya.

Gishiri da sukari

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, shi ne mafi yawan masu gudawa, har da masu kwalara, ba su bukatar allura ko kaɗan. Wajen 1960 masana suka gane cewa hanji yana shigar da gishiri tare da sukari ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi su, kuma dafin kwalara ba ya rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ruwa suka ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin ganguna, dangi suna ba masu ciwonsu da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Abin lura a nan shi ne dangi ne suka yi aikin, watau jinya irin ta gida.

A Nijeriya an yayata ruwan gishiri da sukari ƙwarai a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, har rediyo ta koya wa iyaye mata awonsa. Yau akwai shi a ƙunshe cikin 'yar takarda, a zuba a ruwa mai tsabta gwargwadon awon da aka rubuta a jiki. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙananan cokula shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tun 2004 an ƙara da shawarar a ba yara ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, don tana rage tsawon gudawar. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kwalara wannan kaɗai ya ishe su. Amma da yake abu ne mai araha da ake haɗawa da kayan miya, sai aka raina shi. Mai dubiya in ta shigo ta ga kofi da cokali, ba za ta ce an yi wa mai ciwo gata ba. In ta ga leda rataye kuwa, sai ta fita tana yabon 'ya'yansa. Ledar ta zama shaida ta cewa iyali sun yi ƙoƙari, kuma wannan, fiye da kowace hujja ta likita, shi ke sa a kira mai ɗaurawa.

Inda ruwa ke kisa

An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a garuruwan da ke bin wannan kogi, daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Masu bincike sun zargi abubuwa da dama, kamar sinadaran da ke cikin ruwan sha, da magungunan feshi na gona, da aiki cikin zafin rana ba isasshen ruwa, da yawan shan maganin kashe ciwo da na gargajiya, ban da hawan jini da ciwon sukari da aka sani ko'ina. Yawan masu ciwon ne ya sa aka buɗe sashen wankin ƙoda a Babban Asibitin Haɗeja, don rage wa mutane zirga-zirga zuwa Kano.

Ciwon ƙoda ɓarawo ne, yakan yi shekaru yana cin mutum ba a sani ba. Ran da ya bayyana kuwa, da me yake bayyana? Kasala, rashin cin abinci, tashin zuciya, amai, ɗashewar jiki. Waɗannan su ne daidai alamun da ke sa iyali su ce ruwan jikinsa ya ƙone, a kira a ƙara masa. Ga shi kuwa ƙodarsa ta kasa fitar da ko wanda ke jikinsa. Duk ledar da ta shiga ba ta da mafita. Sai jini ya hau, ƙafafu da fuska su kumbura, daga nan ruwan ya tsattsafo cikin huhu. Mai ciwo ya fara haki, ya kasa kwanciya sai a zaune, tari ya zo da kumfa. Mutum ne ke nutsewa a kan gadonsa, nesa da kogi. In kuma an tsiyaya allurar kashe ciwo irin su diklofenak a cikin ledar, ko wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin, an ƙara wa ƙodar wani dukan, domin duka biyu suna yi mata lahani.

Ba mai ciwon ƙoda kaɗai ke cikin wannan haɗari ba. Akwai mai jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan gazawar zuciya ga matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya sa shakka a kan wannan dangantawa, ya fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma kowa ya yarda ciwon yana da yawa a Arewa. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta a kumbure, in an ce jini da ruwa ta zubar wurin haihuwa a ƙara mata, an ɗora wa gajiyayyiyar zuciya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Haka yaro mai tamowa: fatarsa a yamutse take, idanunsa a zurme ko da ruwansa bai ƙare ba, zuciyarsa kuma ba ta da ƙarfi, shi ya sa ko a asibiti ba a ɗaura masa ruwa sai in ya kai gargara.

Su kansu likitoci sun sha mamaki a kan wannan batu. A 2011 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, ba masu gudawa ba. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa da sauri, kamar yadda aka saba koyarwa, sun fi mutuwa cikin kwana biyu, wajen kashi 10 da rabi cikin ɗari, bisa ga kashi 7 da ɗoriya na waɗanda ba a yi wa haka ba. In abin da aka yi a gaban ƙwararru ya zo da haka, ina ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro da aka ɗaura wa leda a ɗakin uwarsa, mai ɗaurawa kuma ya koma shagonsa?

Sauran haɗurran ba sai an tsawaita ba. Allurar da aka bari a jijiya kwana da kwanaki takan sa wurin ya kumbura ya yi ruwa, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Allurar da aka maimaita takan ɗauki ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki daga wani zuwa wani. A 1989 ta wannan hanya zazzaɓin Lasa ya yaɗu a wasu ƙananan asibitoci biyu a kudu maso gabashin ƙasar nan.

Wa ake kira likita?

Hausa ta yi wa kalmar likita faɗi. A ƙauye duk wanda ya iya tsira allura likita ne, ko dakta, ko malamin asibiti, mace kuwa sista. A ƙarƙashin wannan suna akwai mutane iri-iri. Akwai nas da unguwarzomar zamani da suka yi karatu a makaranta irin ta Birnin Kudu, suka sami lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Akwai ma'aikatan lafiya na al'umma, irin waɗanda ake horarwa a Jahun, su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin karkara, suna da littafin ƙa'ida da ya iyakance abin da za su yi da lokacin da za su tura mai ciwo gaba. Sa'an nan akwai mai kemis, wanda lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, doka ba ta ba shi izinin yin allura ko ɗaura ruwa ba. Daga ƙarshe akwai yaron da ya yi 'yan watanni yana miƙa kaya a wani shago ko asibitin kuɗi, ya koyi neman jijiya. Neman jijiya kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne sanin wanda bai kamata a nemi jijiyarsa ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa iyali laifi a kan kiran waɗannan mutane. Asibiti yana da nisa, hanya ta yanke, kwanciya a can tana nufin kuɗin mota da na abinci da barin gona a lokacin girbi, ga matar kulle da ta fi sakewa da mace a ɗakinta, ga tsoho da ya rantse ba zai mutu a hannun baƙi ba. Mai kemis kuwa maƙwabci ne, yana ba da bashi, yana amsa sallama da tsakar dare. Haka kuma jinyar gida ta ƙwararre tana da babban amfani wanda ba a cika nema ba. Mai shanyewar ɓarin jiki da aka sallamo daga asibiti yana bukatar wanda zai koya wa iyalinsa juya shi duk bayan sa'o'i biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda za a ba shi abinci kada ya shaƙe. Mai ciwon sukari yana bukatar wankin gyambo da awon jini. Mai hawan jini yana bukatar a auna shi, a tabbatar yana shan maganinsa. Waɗannan duka aikin nas ne na ainihi, gida kuma ya fi asibiti dacewa da su. Sai dai ba su da kwarjinin leda, saboda haka iyali ba su cika ganin dalilin biya dominsu ba, shi kuma mai zuwa gidan ya gane abin da ake biya.

Ana iya gane ƙwararre tun kafin ya buɗe jakarsa. Zai tambayi yaushe ne rabon mai ciwo da fitsari, kuma yaya yawansa. Zai danna ƙafa ya ga ko yatsa zai bar gurbi, ya auna hawan jini, ya saurari ƙirji, ya ƙiyasta nauyi. Zai miƙa wa mai ciwo kofi ya ga ko zai iya sha, domin wanda ke iya sha ba shi da bukatar allura. In ya ɗaura ruwa zai ƙirga ɗigonsa da agogo: a bututun da aka saba amfani da shi ɗigo 20 ne mililita ɗaya, don haka ledar rabin lita da ake so ta ƙare cikin sa'o'i huɗu tana bukatar ɗigo 42 a minti. Ba zai bar wa uwargida maƙunshin bututu ya ce ta buɗe in ya tsaya ba. Kuma sau da yawa zai ce wannan ya fi ƙarfin gida, ya ɗaura leda ɗaya don ta riƙe mai ciwo a hanya, ya sa a nemo mota.

Ga ƙauyen da ruwa ya kewaye, a Guri ko Kiri Kasamma, tafiyar kanta tana iya cin rabin yini, kuma a cikinta ne ake rasa mutane da yawa. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne a dama ruwan gishiri da sukari tun gudawar farko, a zuba a jarka mai tsabta a shiga kwalekwale da shi. Babba ya riƙa kurɓa da kofi ba ƙaƙƙautawa, yaro ƙarami a ba shi cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, mai shan nono kuma kada a cire shi daga nono. In ya yi amai a dakata minti goma, sa'an nan a ci gaba a hankali. Wanda aka dama aka bari ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo.